Kundin Auta da Rular Baba

"Lafiya lau na kwana, sai dai ban ga shayina ba. Ko amaryar tawa ta yi yaji ne?"

Baba ne yake amsa gaisuwata daga bakin ƙofar falo, sanda a hannu, tabarau a aljihun gaba. Ƙarfe tara saura kwata ne na safiyar Alhamis, ina cikin hutun kwana biyu daga ofis. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana buga takardu da tafireta kafin ya yi ritaya, kuma har yau tana ɗakinsa lulluɓe da tsohon tawul. Wadda yake kira amarya kuwa 'yata ce, Auta, jikarsa. Tana zaune gaban tsohuwar kwamfutata a kusurwar falo, ta dafe kai da hannu biyu. A ranar za ta miƙa kundin kammala karatunta, kuma ƙarfe goma sha biyu ofishin sashensu yake daina karɓa. Wanda ya makara sai baɗi.

"Tsoho, yau ba ni da lokacinka," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba. "Shayi yana cikin fulas. In ba za ka iya ɗagawa ba ka koma ka kwanta, dama ba mu sa ran za ka tashi ba."

"Ji mata. Mace ta kwana ta tashi ba ta gaida miji ba. Da na san irin matan da ake yi yanzu ke nan, da na yi zamana gwauro."

"Gwauro ai sai mai haƙori. Kai ko a layin gwauraye an sallame ka."

Baba ya zuba shayinsa, ya jawo kujera ya zauna dab da ita kamar an gayyace shi.

"Me ya faru kike wa injin nan kallon wanda ya ci miki amana?"

Ni na ba shi amsa, tun da tun asuba ake abu ɗaya a kunnena. A kwamfutar ƙawarta ta rubuta kundin, a can shafi arba'in da takwas ne cif. Jiya ta kai shagon buga takardu a filashi, da aka buɗe ya zama hamsin da uku, ta fasa bugawa. Yau ta buɗe a tawa, ya zama hamsin da bakwai. Kan babi na biyu ya sauko tsakiyar shafi, jadawalai huɗu sun watse, jerin abubuwan da ke ciki kuma ba lambar da ta dace da shafinta. Lambobin uku duk na rubuta su a ɗan littafina, don abin da ba a rubuta ba ba a iya kama shi.

"Kundi ne ko akuya?" in ji Baba. "Duk gidan da aka kai shi sai ya haihu."

"Manhajar ce ba iri ɗaya ba," ta ce. "Ta ƙawata sabuwa ce. Wannan kuwa sa'arka ce, tare aka yi muku suna."

"To ki koma wajen sabuwar mana."

"Ƙawar tawa ta yi tafiya da ita tun jiya da yamma."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Amarya. Takardar da na buga shekara arba'in da suka wuce, je ki ɗauko ta a akwatina. Kowane layi yana nan inda na ajiye shi. Ba ta taɓa cewa sai an kai ta gidan ƙawa za ta nutsu ba."

"Bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne. Matsa, kada ka zuba min shayi a kibod."

Maimakon ya matsa sai ya sa tabarau, ya kara fuska da gilashin kwamfutar. Jadawali na biyu ne a buɗe. Sunayen unguwanni a hagu suna tsaye, lambobin da ke dama kuwa kowace ta kama gabanta, wata ma ta faɗo layin ƙasa.

"Da me kika tura lambobin nan gefe?"

"Da wannan." Ta nuna dogon madannin ƙasa, mai ba da tazara.

"Sau nawa kika danna?"

"Wa yake ƙirgawa? Har sai da suka daidaita a idona."

Baba ya ajiye kofi a hankali. Ya juyo gare ni.

"Kai, injin nan yana da yadda zai tona asirin abin da aka danna?"

Yana da shi. Akwai wata 'yar alama a sama, in an taɓa ta duk tazarar da aka buga sai ta fito a matsayin ɗigo. Na miƙa hannu na taɓa. Shafin ya cika da ɗigo kamar an ɓarar da gero a tabarma. Na ƙirga layin farko, talatin da huɗu. Na biyu, ashirin da tara. A ƙarshen babi na ɗaya kuma, don ta kai sabon shafi, enta, madannin sauka layi, ta yi ta dannawa, sau goma sha bakwai.

"Yanzu na gane," na ce. "Haruffan waccan kwamfutar sirara ne. Tawa ba ta da irinsu, sai ta musanya da masu ƙiba. Kowane ɗigo ya ƙara faɗi, komai ya ture na gabansa."

"Ba sai ka fassara min ba," in ji Baba. "Ruwa ba ya tsami banza. Satinmu na farko a makarantar koyon tafireta, duk wanda ya jera lamba da dogon madanni, malamarmu rula take sauke masa a bayan yatsu. Ke da a hannunta kika faɗo, da yanzu da ƙafa kike cin abinci."

"Wancan zamanin ai ko wutar lantarki ba a ƙirƙiro ba. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja."

"Kiɗa ya canja, amma har yanzu da ƙafa biyu ake takawa. Ba laifin manhaja ba ne, ke ce kika gina ɗaki ba tubali, kika tsaya kina riƙe da bango. Kina saki ya zube."

Ta dubi agogon bango. Tara da minti biyar. Muryarta ta ɗan sauka.

"To malam masani, yaya za a yi?"

"Wa kike kira?"

"Tsoho."

"Ban ji ba, kunnen nan ya tsufa."

"Angona."

"Yawwa. Koma farko in ga irin ɓarnar da aka yi."

Tana komawa sama ya ɗaga hannu a shafi na uku.

"Tsaya nan. Mene ne wannan?"

"Shafin godiya."

Ya karanta da ƙarfi, yana bin layi da yatsa. Ta gode wa malamin da ya duba aikin. Ta gode mini da mahaifiyarta. Ta gode wa yayyenta, da ƙawar mai kwamfuta, har da mai shagon buga takardu.

"Mai shago ma ya samu shiga. Ni fa?"

"Waɗanda suka amfana min na lissafa. Kai me ka yi ban da shanye mana sukari?"

"Wa ya goya ki ranar da kika haɗiye maɓallin rigata?"

"Wa ya bar maɓallin yana lilo?"

"Shi ke nan." Ya cire tabarau ya mayar aljihu, ya ɗauki sandarsa. "Ki kira mai shago ya gyara miki. Ni bari in je in ji labarai."

Ta cafke bakin rigarsa.

"Zauna. Za a duba maganarka in aiki ya yi kyau."

"Layi guda, ni kaɗai, ba a haɗa ni da kowa ba."

"Rabin layi. Kai ɗin ma rabi ya rage."

Ya zauna ya sake sa tabarau, ya aike ni ɗakinsa na ɗauko rular ƙarfe da ke cikin akwatin tafireta. Yana karɓa ya ɗora ta a kan gilashin kwamfuta zai auna gefe. Auta ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, sannan ta nuna masa cewa akwai rula a saman shafin, da 'yan alamomin da ake ja.

"Ashe tawa suka sace suka liƙa a ciki," in ji shi. "Ba ni ɓeran nan in saita da kaina."

Ta miƙa masa linzamin kwamfutar, wanda ya kira ɓera. Ya ɗaga shi sama ya nuna wa gilashi yana dannawa kamar rimot ɗin talabijin. Ba abin da ya motsa.

"A ƙasa ake jan sa, Tsoho. Shekara talatin da ɗaya a ofis, ɓera ya gagare ka."

"A ofishinmu ɓera tarko muke ɗana masa, ba ma shafa bayansa. Karɓi abinki. Ke hannu, ni kai."

Haka aka yi. Ya sa ta zaɓi haruffan da kowace kwamfuta take da su, ta mayar da kundin duka kansu. Ya sa ta share ɗigon nan layi bayan layi, ta kafa tab, wato matsayar rubutu, wuri ɗaya, ta tura kowace lamba da dannawa guda. Da muka isa jadawali na uku na nuna mata yadda ake zana jadawali na gaske mai gidaje, Baba ya ce a zamaninsu da jan biro ake wannan, amma ya yarda. A ƙarshen kowane babi ta goge tarin enta, ta sa umarnin sabon shafi sau ɗaya. Ni aikina duba lambobi: tana gyarawa, ina gwada su da takardar da ta rubuta da hannu, kada wata ta ɓace a hanya. Bakinsu kuwa bai huta ba.

"Da yatsa biyu kike bugawa kamar kaza tana tsattsaga? Ina sauran takwas ɗin?"

"Na ajiye su don ranar da zan ɗauki makararka."

"Mata ba sa ɗauka. Kuma ni sai na ga jikokinki, in gaya musu kakarsu ta taɓa danna madanni ɗaya sau talatin da huɗu."

"Ka gaya musu da wane bakin? Lokacin ko kunu sai an tace maka."

"Kin bar ɗigo biyu a layi na shida."

"Ina? Ai kuwa. Wai dama idon nan yana gani, kake sa ni zura maka zare a allura?"

"Ina so in riƙa ganin fuskarki ne, ko da ba kyau gare ta ba."

Goma da minti ashirin aka gama. Shafi arba'in da tara. Ta sabunta jerin abubuwan da ke ciki, na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, duk sun dace. Baba ya ƙwanƙwasa rula a tebur.

"Saura haƙƙina."

"In na ƙara layi yanzu komai zai sake rushewa."

"Da can ne. Yanzu an kafa tubali. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Ta juya gilashin gefe yadda ba zai gani ba, ta buga wani abu da sauri. Na duba ƙasan shafin. Arba'in da tara, bai motsa ba.

"Karanta min," in ji Baba.

Ta gyara murya. "Ina kuma godiya ga wani tsoho mara haƙori da ya ƙi mutuwa ya bar mana ɗakinsa, wanda ya taimaka da surutu."

"Madalla. Ko ba komai an ambace ni."

Na ce ta adana shi a PDF kafin ta fita, don shi duk inda aka buɗe shi ba ya sauya kama. Ta yi, ta tura wayarta da tawa. Muka buɗe: arba'in da tara a tata, arba'in da tara a tawa, arba'in da tara a kwamfuta. Na rubuta su a ƙarƙashin lambobin safe.

"Wato wannan in an buga shi ya bugu ke nan, ba ya motsi?" in ji Baba.

"Ko ina aka kai shi."

"To ai ita ce tafireta. Shekara hamsin kuna yawo, kun dawo ƙofar ɗakina."

Auta ta zare filashi, ta suri jaka da mayafi, ta zura takalmi tana tafe. A gaggauce ta manta ba ta rufe fayil ɗin ba. Baba ya juyo da gilashin wajensa, ya gyara tabarau. Ni ma na leƙa ta kafaɗarsa. Ga abin da ke ƙasan shafi na uku, a layinsa shi kaɗai:

"Godiya ta musamman ga kakana, wanda a cinyarsa na fara sanin haruffa, kuma da rularsa aka daidaita wannan aiki."

Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Sannan ya tashi ba sanda, ya tura tagar da ke kallon ƙofar gida. Auta tana can tana kokawa da sakata.

"Amarya."

"Na makara, Tsoho, mene ne kuma?"

"Tazara biyu kika sa bayan 'kakana'. Har a nan ma sai da kika yi ɓarna."

Ta tsaya da sakata a hannu. Ta gane ya karanta. Ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya.

"Da gangan na bar maka ita. Kyauta ce, ka samu abin mita har ƙarshen shekara. Ka ci wannan karon, angona."

Sha biyu saura minti goma sha takwas ta miƙa kundin. Da yamma na zauna zan goge tazarar a kwafin da na ajiye, Baba ya ɗora min rula a bayan yatsu.

"Bar ta. Tawa ce."