Marigayi Yana Aiko da Sauti

"...lafiya lau, sai dai gwiwa. Kai kuma wa ya rasu, da ka tuna hanyar gidan nan?"

"Ke na zo dubawa, Amarya, ko kin cika in kwashe gado."

"Gadon me? Tabarau ɗina ko sandata? Shigo ka rufe min ƙofa, kana shigo min da ƙuda."

Kaka ta juya tana jan ƙafa ɗaya, jikanta ya bi ta da jakar kwamfuta a kafaɗa. Tun yana goye take kiransa Kunnuwa, sunan ya bi shi har jami'a, inda yake digiri na biyu a sashen da kakansa ya koyar. Kakan, Farfesa, wanda jikan ke kira Tsoho, ya rasu bara. Rabin rayuwarsa ya ƙarar da ita yana ɗaukar kukan tsuntsayen gari daga tagar ɗakin karatunsa, kowace safiya. Da ƙafa ta gaza masa, sai sashen ya haɗa rikodarsa da rumbun ajiyar jami'a na intanet, wanda suke kira gajimare, ta yadda duk abin da ya ɗauka a gida zai hau can da kansa, malamai da ɗalibai su same shi. A kan wannan taskar Kunnuwa yake rubuta kundinsa. Sai dai Farfesa yana kabari, amma har safiyar yau sabon sauti ya shiga rumbun, da sunansa da hotonsa a jiki.

"A duniya mata ke yaji," in ji Kaka, tana zama. "Ni nawa mijin ne ya yi, ko sallama babu."

"Na tafi neman mai haƙora ne."

"Ga shi nan ta tsotse ka. Dubi wuya kamar na kazar da aka fige. Me ka kawo min?"

"Kaina."

"Mayar musu, an cuce ka."

Kunnuwa ya yi dariya, amma idonsa na kan ƙofar ɗakin karatun da ke ƙarshen baranda, wadda take a rufe. Ya zaɓi kujerar da ta juya mata baya ya zauna.

"Wayar Tsoho nake so, Kaka. Za a turo wata lamba cikinta, in shigar, a rufe akawun ɗinsa na rumbun jami'a."

"An rufe shi da ƙasa, bai ishe ku ba?"

"Ba wasa nake ba. Malamin da ke duba aikina ya ce in dai matacce na aiko da sabon sauti, wa zai yarda da tsofaffin? Cewa za a yi ni nake ƙirƙira ina liƙa sunansa. Ya ajiye kundina, ya ce ba zai sa hannu ba sai abin ya tsaya. Mai sharar sashenmu ma ta daina shiga ɗakin kwamfuta ita kaɗai."

"Mutumin da ranar da aka kawo ni gidansa ya ce a rage guɗa tana korar masa tsuntsaye, shi ne mutuwa za ta hana aiki? Ku ba shi ƙarin girma kawai."

"Kaka."

"Kira ni da kyau, ni ba sa'arka ba ce, matarka ce."

Ya buɗe kwamfutar a kan tebur, ya juya ta wajenta, ya danna. Da farko ƙarar taga ce ana turawa. Sai silifas, ɗaya na tafiya ɗaya na ja, sai ƙofa ta rufe. Kurciya ta soma kuka daga nesa, ƙananan tsuntsaye suka amsa, wata mota ta wuce. An ɗan jima haka. Sannan kujerar katako ta yi ƙara, irin wadda take yi idan mutum mai nauyi ya zauna ya gyara zama. Sai aka yi gyaran murya, gajere, aka bi shi da mai ja.

Kaka tana juya shayi. Cokalin ya tsaya a cikin kofin.

"Na kama ki," in ji Kunnuwa. "Wannan silifas ɗin ko a kasuwa na ji shi na san matata ce. Duk garin nan ke kaɗai ke share ƙasa da ƙafa ba a biyan ki."

"Nawa ne. Ni na buɗe taga, ni na danna jan maɓallin."

"To ki daina kwaikwayon mijin wata, kina tsorata 'yan boko."

"Wane kwaikwayo?"

"Gyaran muryar. Kin iya kuwa, har da jan ƙarshen."

"Ba ka ji na rufe ƙofa ba? Da waɗannan faifayen da Allah ya liƙa maka a kai?" Ta ajiye kofin. "Kakanka ba ya ɗauka da kowa a ɗaki. Cewa yake numfashina ma yana shiga. Ina dannawa nake fita, in je in ɗora ruwa, in dawo in kashe."

"To wa ya zauna a kujerar?"

"Ka tambayi gajimaren naku. Ba ku kuka ce ba abin da ke ɓace masa ba?"

"Ba ki taɓa saurara ba?"

"Ban san inda ake dannawa ba. Ban kuma nema ba."

Rana ce tsaka, ana jin masu talla a titi, amma Kunnuwa ya ji bayan wuyansa ya yi sanyi daga wajen ƙofar nan da ya ba wa baya. Ya gyara wuyan rigarsa.

"Katako yana ƙara idan rana ta taɓa shi," ya ce. "Wannan sananne ne. Kuma akwai tsuntsaye masu kwaikwayo. Wanda ya shekara yana jin Tsoho a bakin taga zai iya ɗauka."

"Tsuntsu mai majina a maƙogwaro. Rubuta shi a kundin, su ba ka digiri biyu."

"Ni dai abin da ban gane ba, me ya haɗa ki da rikodar? Ke da kika taɓa cusa ta cikin kayan wanki, Tsoho ya yini yana nema?"

"Cewa ya yi kada a bari safiya ta wuce ba a ɗauka ba."

"Ya ce ki daina zuba sukari a shayi ma, ga shi nan cokali na tsayawa da kansa. Yaushe kika fara jin maganarsa, sai da ya mutu?"

Kaka ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa mai kayan miya kafin ta taya. Ta sa hannu ƙarƙashin matashin kujerarta ta zaro wayar Farfesa. Fes take, cajinta cike. Ta shafa fuskar da yatsa, ba tare da lalube ba, ta buɗe shafin rumbun kamar wadda ta yi shekara tana koyarwa a sashen.

"In na kashe rikodar, nan nake dawowa in zauna da wannan. Ba a jimawa sai sabon layi ya fito, da hoton kakanka. Ba a kuma jimawa sai wani ɗan hoto ya ɓullo a can sama, a kusurwa. Kunnuwan sun fi fuskar yawa. Sai ya tsaya nan, shiru, har abin ya ƙare. Wata rana ya tafi ya dawo. Wata rana ya dawo sau da yawa har shayina ya huce."

Kunnuwa ya janyo kwamfutar gabansa. Shi da ke koya wa sababbin ɗalibai yadda ake aiki da rumbun, shi ya manta cewa duk wanda ya buɗe abu a ciki, mai abin yana ganinsa.

"Aiki ne," ya ce. "Dole in duba abin da ke shigowa."

"Har ranar hutu? Tun ba ka wanke ido ba?"

"Bincike ba shi da hutu."

"Tun ranar da aka fitar da shi daga gidan nan ba ka sake taka barandar can ba. In ka zo gaisuwa a tsaye kake yi, kamar mai karɓar kuɗin wuta, daga baya ma ka ɗauke ƙafa. Amma kullum da safe ga ka a kusurwar waya, ba magana, ba motsi, ka leƙo ka ɓace. Mataccen yana zuwa aiki, mai ran ne ya koma fatalwa. Ni kuwa tsohuwa ce, abin da na samu shi nake riƙewa. In da jan maɓalli ake kiran miji, sai in danna."

Akwai abin da Kunnuwa bai faɗa wa malaminsa ba, ba zai kuma faɗa mata ba. A duk tsofaffin sautukan, Farfesa yakan yi gyaran muryar nan ne sannan ya faɗi ranar da yanayin gari, kafin ya yi shiru ya bar wa tsuntsaye fili. A sababbin, gyaran muryar na zuwa, maganar ba ta biyowa. Maganar nan Kunnuwa yake jira kowace safiya, da abin ji a kunne da hannu a kan baki, yana tsoron ta zo, yana kuma jin haushin ba ta zo ba. Ba don malamin kaɗai yake son a rufe akawun ɗin ba. Ya gaji da jira ne, kuma ya san da kansa ba zai daina ba.

"In na ba ka lambar," in ji Kaka, "hoton zai daina zuwa?"

"Zai daina."

"Naka ko nasa?"

"Duka biyun."

Ta juya wayar a tafin hannunta. Can ƙarshen baranda wani abu ya yi ƙara sau ɗaya, ƙila katako, ƙila taga. Babu wanda ya waiwaya cikinsu, kowa kuma ya lura ɗan'uwansa bai waiwaya ba.

"Tura musu su aiko," ta ce. "Dama ba kyau gare ka ba. In babu takardar digirin, wa zai karɓe ka in na sake ka? Kuma ba za a kira jikansa maƙaryaci ina da rai ba."

Ya danna. Wayar ta yi tsuwa a hannunta. Ta nisanta ta da fuskarta ta karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa tsakaninsu kamar mai ba shi damar ya ce a bari. Bai ce ba. Ya shigar da ta ƙarshe. A fuskar kwamfutar, hoton Farfesa da hularsa a karkace ya dushe, ya koma da'ira mai launin toka. Tsofaffin sautukan suna nan jere a ƙasa, amma saman shafin ya zama fili.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ko kin danna gobe, ba inda zai je. A cikin rikodar zai tsaya."

"Wa ya ce ni zan danna? Tashi."

Ta kama hannun rigarsa ta ja shi har ƙarshen baranda, ta buɗe ƙofar. Ɗakin yana nan yadda ya san shi, da warin tsofaffin littattafai da man zafi. Rikodar tana kan tebur, bakinta na kallon taga. Kujerar kuwa an ɗan janye ta daga teburin, ta karkato wajen ƙofa, matashinta ya lotsa a tsakiya.

"Ke kika janye ta haka?"

"Da wace gwiwar?"

Ta zare makullin daga jikin ƙofar ta miƙa masa.

"Karɓi, ga gadon da ka zo nema. Gobe da safe kai za ka buɗe taga, kai za ka danna, ka zauna a ciki ka gano mana tsuntsun nan. Ba kai ne mai bincike ba?"

"A kan wace kujerar zan zauna?"

"Guda nawa ka gani?"

"Ke kuma kina ina?"

"Nan bakin ƙofa, in ka kwaso da gudu in tare ka, kada maƙwabta su ga mijina ba takalmi."

Kunnuwa ya dubi kujerar, ya dubi tsohuwar da ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Dariya ta kufce masa, ta fito da ɗan rawa a ciki. Ya karɓi makullin da yatsu biyu.

"Kin ci, Amarya. Zan zo. Amma ƙofar a buɗe za ki bar min."