Ragon Da Na Durƙusa Wa

Ba zan taɓa mantawa ba da jajiberin wata Babbar Sallah, ranar da na kai wa surukina rago Gwandu ina ta addu'ar motar ta lalace a hanya.

Sana'ata sayar da raguna ce a Kalgo. Nakan sayo wajen Fulanin Dalijan, in kiwata wata biyu, in sayar. A shekarar na yi sabuwar waya, na kuma gano wata dabara da na ɗauka ni kaɗai Allah ya ba: in ka durƙusa, ka manna wayar da ƙasa, ka ɗauki bidiyon rago ta gaba, ko ɗan tsurut ne sai ya cika allo, ƙirji ya buɗe, ƙaho ya yi sama. (Ai ban yi ƙarya da baki ba, da haka nake lallashin kaina.) Sai in tura wa duk lambar da ke wayata. Mai so ya zo da ƙafarsa, in ya ga zahiri ya yi tsaki, mu daidaita.

Akwai wani farin rago mai baƙin tabo a ido ɗaya. Shekarunsa sun kai na layya, jikin ne dai babu. Na durƙusa masa har haɓata na taɓa ƙasa, na ɗauka, na tura wa kowa. Cikin kowan nan har da mahaifin matata, wanda na manta lambarsa tana ciki. Ga shi ɗansa ya sayo masa irin babbar wayar nan mai allo kamar faranti.

Bayan la'asar sai ga kiransa. Na cire takalmi kafin in ɗauka, sai ka ce yana ganina.

"Malam, ragon ga mai tabo ga ido, shi nika so. Ka aje min shi, kak ka sai da ma kowa."

A nan ya kamata in ce, "Baba, bai kai yadda ka gani ba." Amma mutumin da shekara shida ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ta ina zan fara gaya masa cewa mijin 'yarsa ɗan dabara ne? Na ce, "To, Baba."

Saura kwana biyar Sallah. Na je Diggi, na je Maruda, ina neman ƙaton farin rago mai tabo a ido, har makiyaya suka fara tambayata ko na magani ne. Ban samu ba. Na dawo na tula wa nawa dusa da harawa, cikinsa kawai ya ƙaru. Matata kuwa, da ba ta san komai ba, ta ƙarasa ni: "Baba fa ya hana a saya mashi wani. Duk wanda yaz zo gaisuwa sai ya gwada mashi ragon surukinai." Tsoro ya kama ni sosai. Dattijo ya jingina layyarsa da ni, ya kuma yi alfahari da ni a gaban mutane.

Da muka isa Gwandu ranar jajibere, yana zaune a ƙofar gida da abokansa huɗu. An kafa sabon turke, an ajiye igiya mai kauri irin ta ɗaure sa. Na buɗe bayan mota na sauko da ragon a rungume (ko nishi ban yi ba), na durƙusa na fara gaisuwa, kaina a ƙasa.

Ɗaya daga cikin dattawan ya leƙa motar. "Wanga ɗan rakiya na? Ina ragon?"

Baba ya kunna bidiyon, ya dubi allo, ya dubi rago. Tabon nan dai shi ne. Ina jiran ya kira ni da sunan da na cancanta.

Maimakon haka sai ya dafa sandarsa ya miƙe. Tsoho mai ciwon gwiwa, ya tako a hankali, ya durƙusa kusa da ni, ya sunkuyar da kai har rawaninsa na shafar ƙasa, ya daɗe yana kallon ragon ta gaba.

"Af, ga shi nan," ya ce. "Ashe daga nan aka ganinai. Ku duƙo ku gani, ƙato na."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya miƙa mini hannu na tashe shi, ya ce, "Ya isa layya. A ɗaure shi." Aka ɗaure shi a turken nan, igiyar har tana rinjayar wuyansa, kuma shi ya yanka washegari.

Tun daga ranar a tsaye nake ɗaukar bidiyo, ciniki ya ɗan ragu, na bar durƙuso ga gaisuwa kawai. Amma har yau, duk shekarar da na tura masa bidiyon rago, sai ya kira ya tambaya cikin ladabi, "Malam, wanga tsaye kaɗ ɗauke shi, ko durƙushe?"