Dokar Ƙirga Ƙafa

Shekara uku ke nan ruwan sama yana yi wa Dajin Tsamiya Bakwai rowa. Rafuka sun ƙafe, fadamu sun tsattsage, tafki ɗaya tak ya rage, Tafkin Marke, shi ma kullum ja da baya yake yi. Ana cikin wannan hali sai wa'adin tsoho Zaki ya zo ƙarshe. Da yake jam'iyya ɗaya ce a dajin, Jam'iyyar Inuwa, duk wanda ya ci zaɓen fid da gwani ya riga ya hau kujera. Babban zaɓen da ke biyo baya kiɗa ne kawai da rawa.

'Yan takara biyu suka fito. Akwai Damisa Mantau, ɗan lelen fada, wanda ya yi wa giwaye da ɓauna alkawarin zai mayar musu da tafkin wurin birgima, su kaɗai. Sai Gauraka Tasalla, wadda take cewa tafki na kowa ne, kuma sai ta faɗa sau talatin kafin ta karya kumallo.

Ba wanda alkawarin Mantau ya hana sukuni kamar Malam Nomau kunkuru, sakataren jam'iyya. Ba don ya iya rubutu aka ba shi sakatare ba, bayansa aka duba. Al'adar dajin ce tun kaka da kakanni: abin da ke rubuce a bayan sakatare shi ne doka, abin da aka goge ya tashi. Beguwa ce ke rubutun da alli. Shekara arba'in Nomau yana yawo da dokokin jam'iyya, bai taɓa ganin ko ɗaya da idonsa ba. To, matarsa Kuluwa ta binne ƙwai goma sha ɗaya cikin rairayin bakin tafki, daidai inda giwaye za su riƙa sauka idan Mantau ya ci. Tun da ya ji alkawarin nan, ciyawa ta daina yi masa daɗi.

Ranar fitar da jadawalin zaɓe, shugaban jam'iyya, Ciyaman Burungu kura, ya hau kan suri ya gyara murya.

"Ya ku 'yan'uwana, masu gashi da masu fuka-fuki da masu ja da ciki! Wannan jam'iyya ta talaka ce. A wannan karon ba ɗauki-ɗora, ba maguɗi. Ni ba ni da ɗan takara." Ya ɗan kalli Mantau, Mantau ya lumshe ido. "Sakatare, juyo da baya."

Nomau ya juya. Beguwa ta ɗauki alli.

"Mazaɓar Kwaɗi, za su yi zaɓensu tsakiyar rani."

"Ranka ya daɗe, a tsakiyar rani kwaɗi suna binne cikin laka," in ji Tasalla.

"Wa ya binne su? Ni? Mazaɓar Shamuwa, mako biyu kafin bazara."

"Lokacin ba su dawo daga ci-rani ba!"

"Mai son ƙasarsa ba ya barin ta. Mazaɓar Jemagu, da tsakar rana, don kowa ya ga gaskiya da idonsa."

Haka ya yi ta yi har allin ya kusa ƙarewa. Sannan ya zo kan dokar daliget, wato wakilan da kowace mazaɓa za ta turo su jefa ƙuri'a a madadinta. Kowace mazaɓa goma, ba ƙari ba ragi.

"Amma fa," in ji Burungu, yana lasar baki, "kwamiti ya yi nazari mai zurfi. Ba adalci ba ne a ce wanda ya taka ƙasar nan da ƙafa huɗu da wanda ya taka ta da biyu nauyinsu ɗaya. Daga yau ƙafa za a ƙirga. Duk ƙafar daliget da ke ƙasa lokacin zaɓe, ƙuri'a ɗaya ce."

Giwaye suka ɗaga hanci suna guɗa. Wani tsohon kububuwa ya ɗago kai daga baya. "Ranka ya daɗe, mu fa?"

"Ku zo ku yi kallo, Baba. Ku ma 'yan jam'iyya ne."

Tasalla ta baza fuka-fuki ta ce sai ta ga bayan wannan doka ko da a kotu ne. Burungu ya yi dariyarsa mai kama da tari, ya juya wajen Beguwa. "Saura wa?"

"Saura Mazaɓar Ƙasan Ganye."

"Su wane ne kuma?"

Ba wanda ya sani a majalisar, domin manyan daji ba su cika duba ƙasa ba sai in za su ci abin da ke wurin. Amma Nomau, wanda haɓarsa ke goga ƙasa tun ranar da aka ƙyanƙyashe shi, ya san su gida-gida. Ya maƙe murya kamar mai jin barci.

"Wasu 'yan ƙananan bayin Allah ne, ranka ya daɗe. Ko fitowa ba su cika yi ba. A jefa su can ƙarshe mana, bayan ruwan farko. Kafin nan an gama komai."

"Kai, ashe tsohon nan yana magana!" in ji Burungu. "Beguwa, rubuta."

"Sai dai wani hanzari," in ji Nomau. "Alli ne. In ruwa ya sauka, ko wata mai dogon baki ta bi ni ta goge, shi ke nan dokar ƙafa ta tashi. Da an sassaƙa ta da ƙaya, ita da jadawalin duka."

Burungu ya kalli dogon bakin Tasalla, ya kalli bayan Nomau, ya ce wallahi bai taɓa ganin ɗan jam'iyya mai biyayya irin wannan ba. Nan take Beguwa ta zaro ƙaya mafi tsini daga jikinta. Yini guda tana sassaƙa, Nomau ya ja kansa ciki yana ambaton sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya koma gida Kuluwa ta duba bayansa ta tafa hannu.

"Malam, kai da kanka ka ce a yi maka wannan aika-aika? Kuma don Mantau ya ci?"

"Ki dai ƙara wa ƙwan nan rairayi," in ji shi.

Zaɓe ya fara, ya tafi yadda aka tsara shi. A Mazaɓar Kwaɗi aka kira suna sau uku, laka ba ta amsa ba. Jemagu uku suka daure suka zo da tsakar rana, amma suka rataye a reshe kai ƙasa, Burungu ya duba ya ce bai ga ƙafa a ƙasa ba. A Mazaɓar Zalɓe kuwa, inda Tasalla ta sa rai da ƙuri'a ashirin, Ciyaman ya miƙe ya yi jawabin godiya ga iyayen jam'iyya tun daga hantsi har rana ta karkata. Zalɓe kuma in tsayuwa ta yi tsawo, ba ya sanin sa'ad da yake naɗe ƙafa ɗaya. Da na goman ya naɗe tasa, sai Burungu ya katse jawabi a tsakiyar jimla ya ce, "A ƙirga!" Aka samu goma.

Kafin gajimare ya fara haɗuwa, Mantau yana da ƙuri'a ɗari biyu da arba'in, Tasalla tana da arba'in da uku. Giwaye har sun fara zuwa bakin tafki suna auna wurin kwanciya da ido.

Shi kuwa Nomau, ya nemi hutun jinyar baya, ya kama hanyar Ƙasan Ganye. Tafiyar da zomo ke yi kafin ya gama atishawa, shi sai da ya yi mako uku. Ya isa ranar da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, mutanen wurin suka fara fitowa daga ramukan da suka yi rani a ciki. Ya yi sallama a ƙofar shugabarsu, Goggo Tambai ƙadandoniya. Sai da ya jira ta gama fitowa, domin kanta ya daɗe a waje kafin ƙarshenta ya iso.

"Nomau, lafiya? Mu da ba a tuna mu sai an taka mu?"

"Takawar ce ta kawo ni, Goggo. In Mantau ya ci, hanyar giwaye zuwa tafki ta kan rufinku za ta bi, ta ƙare a kan ƙwan Kuluwa."

"To mu me za mu iya? Daliget goma ne da mu, kamar kowa."

"Hau bayana ki karanta dokar daliget."

Ta hau, ta karanta, ta sake karantawa. Sai Nomau ya ji wani abu kamar yayyafi a bayansa. Goggo ce ke dariya, duk ƙafafunta suna rawa.

Ranar zaɓen ƙarshe Mantau ya zo da makaɗa da jawabin godiya a hammata. Burungu ya hau suri ya ce a yi maza a gama, akwai walima. Sai ga daliget goma na Ƙasan Ganye sun shigo fili a jere, baƙaƙe sumul, suna sheƙi, suka tsaya a gefen Tasalla. Biri mai ƙirga ya durƙusa gaban Goggo Tambai ya fara.

Da ya kai hamsin, makaɗa suka rage sauti. Da ya kai ɗari, Mantau ya ajiye takarda. Da ya wuce ɗari biyu bai kai ko kwankwasonta ba, sai Burungu ya diro daga suri.

"Tsaya! Ai ba duka ƙafafun ke ƙasa ba!"

"Ɗana, ko ɗaya ban naɗe ba," in ji Goggo. "In kana da jawabi ka yi, mu ba ma gajiya da tsayuwa."

"Ba ranarku ba ce yau!"

"Layi na ƙarshe, ranka ya daɗe," in ji Nomau, ya juyo da baya a hankali. "Bayan ruwan farko."

"To kwamiti ya sake nazari! An soke dokar ƙafa! Beguwa, goge!"

Beguwa ta kawo ruwa ta goge, rubutu ya ƙara fitowa raɗau. Ta kawo yashi ta dirje, ya ƙara ƙyalli. Burungu ya ture ta ya sa harshe, ya sa farce, daga ƙarshe ya buɗe baki ya gartsa wa dokar cizo da duk ƙarfinsa. Aka ji ƙas! Haƙoransa biyu na gaba suka faɗi a gaban jama'a. Tsohon kububuwan nan ya ce yau kam kallo ya biya.

Mantau ya nemi a sake ƙirga. Biri ya sake, ya gano ya tsallake goma sha biyu a karon farko. Daga nan ba wanda ya ƙara neman a sake. Kafin a kai kan daliget ta uku giwaye sun sulale, kafin ta biyar an nemi Mantau an rasa.

Kwana tara bayan haka ƙwan Kuluwa suka fashe, 'ya'ya goma sha ɗaya suka gangara tafki ba wanda ya taka su. Nomau yana kwance a rairayi yana ƙirga su karo na huɗu sai inuwa ta rufe shi. Sabuwar shugaba ce, Tasalla, tuntun kanta yana walƙiya, Beguwa na biye da ita, sai Burungu can baya yana riƙe mata lema yana murmushi da giɓi.

"Malam Nomau, uban jam'iyya! Tarihi ba zai manta da kai ba. Tafki na kowa ne, kamar yadda na sha faɗa." Ta zagaya shi sau ɗaya tana leƙen bayansa. "Sai dai kwamiti ya yi nazari mai zurfi a kan zaɓe mai zuwa. Ƙafa ta yi zamaninta. Ana ganin gashin fuka-fuki ya fi dacewa a ƙirga. Na ga akwai ɗan fili nan wajen wutsiya."

Beguwa ta zaro ƙaya.

Nomau ya kalli ƙayar, ya kalli 'ya'yansa cikin ruwa. Sannan ya ja kansa ciki, ya ja ƙafafunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Suka yi ta sallama har rana ta yi tsaka.