Nauyin Kwalba

Da na yi wa mai ɗakina alkawarin barin taba, sai na koma sigarin lantarki. Ruwansa kuwa sai an aiko daga Kano, don haka na ce zan haɗa abina. Shekarata ashirin ina awon shinkafa a kasuwar Haɗeja, ɗan ruwan kwalba ne zai gagare ni?

Na ari ƙaramin sikeli wajen mai turare. Ya fara nuna mini wani maɓalli, na katse shi: "Malam, ni za ka koya wa awo?"

Ashe maɓallin ne ke cire nauyin kwalba. Na ɗora kwalbar, na ɗiga kaɗan daga ruwan da ake surka ƙamshi da shi, sai ga lamba ta cika. Har na yaba wa kaina. Ƙamshin na'a-na'a kuwa na zuba shi cikakken awonsa.

Bayan la'asar na kai sigarin majalisa. Bukar mai kifi, wanda na daɗe ina lallashi ya bar taba, ya karɓa ya zuƙa. Idanunsa suka kawo ruwa, ya yi ta tari har hularsa ta faɗi. Da numfashi ya dawo ya ce, "Alhaji, wannan na sha ne ko na shafawa a gwiwa?"

Na ce rashin sabo ne, na zuƙa da ƙarfi don ya gani. Kwana biyu ko yaji ba na ji a miya.

Har yau duk wanda mura ta kama a layinmu, sai Bukar ya nuno ni: "Ga likita can. Zuƙa ɗaya ce."