Agogon Taubashina

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren 'yar Isuhu ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa.

Isuhu taubashina ne, ɗan gwaggona. Tun muna kiwon awaki a duwatsun bayan garinmu, can wajen Garhanga, ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. Shi ya ce mini bawansa, ni in ce masa ɓarawon fura. Ko a wurin gaisuwar mutuwa muka haɗu, sai ya san yadda ya yi ya raɗa mini cewa rawanina ya yi kama da gammon mai tallan itace. Haka muka yi furfura. Kowa a garin ya san haƙƙinmu ne, domin abin da taubashi ya faɗa maka a gaban idonka ba zagi ba ne.

To, sai ɗana Sani, wanda ke ci-rani a Abijan, ya aiko mini da waya mai shafe-shafe. Da yake na ɗan taɓa lekol, wato boko, kafin mahaifina ya mayar da ni gona, sai na naɗa kaina masanin zamani. In zauna ƙofar masallaci ina shafa gilashi, ina ƙorafin babu rezo, wato sabis ɗin waya. (Gaskiyar magana, abu biyu kawai na iya: danna 'yar alamar nan in yi magana, wato bokal, da kuma sanin cewa sunan da ke can sama na Sani ne, don shi kaɗai ke aiko mini da saƙo kullum.)

Shi ma Isuhu yana da ɗa a Abijan, Hamisu, wanda ya daɗe ƙwarai bai zo gida ba. Ana saura kwanaki bikin ƙanwarsa ya aiko da saƙon ba zai samu zuwa ba, ya haɗo wa mahaifinsa da agogo. Agogo kuwa na gani na faɗa, ruwan zinariya, mai nauyi, har sai da Isuhu ya koyi naɗe hannun riga. Ni kuma na shiga wa'azi a majalisa cewa agogo kayan da ne, wanda ke da waya ba ya buƙatarsa, ɗaura shi a hannu alfahari ne kawai. Yanzu da nake faɗa muku, na san ba ra'ayi ba ne ke magana. Hassada ce.

Ranar ɗaurin aure dangin ango suka zo daga Buza. Bayan an shafa fatiha muka zauna a rumfa muna jiran abinci, baƙi sai yaba agogon suke yi, wani har yana kama hannun Isuhu yana juyawa. Na leƙa, na dubi wayata, na sake leƙawa. Agogon yana baya da awa guda cur. Wallahi sai na ji daɗi kamar an yi mini bushara da ruwan shuka.

Da wasa ne a raina, da nan take zan faɗa, a yi dariya, ya rama, a wuce. Amma sai na tashi na zaga bayan rumbu. Tabarauna kuma na baro shi gida, wai kada baƙi su ga na tsufa. Na taɓa sunan da ke sama, na danna, na buɗe baki.

Abin da ban sani ba shi ne, tun safe 'yan garinmu na gida da na waje suke ta aiko da barka a gurup ɗin gari, har gurup ɗin ya hau sama ya ture Sani.

Na dawo na zauna ina gyara riga, sai wayoyi suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Isuhu ya zaro tasa, wadda yake jin bokal ɗin Hamisu da ita, ya ga hotona. Ya yi dariya ya ɗaga hannu.

"Ku yi shiru, jama'a. Bawana ya aiko ma ubangidanshi gaisuwar biki."

Ya ƙure muryar wayar. Sai ga ni ina cewa: "Sani, ka ga kawunka Isuhu yau? Ya ɗaura agogo kamar tasa a hannu yana ta baje kafaɗa, agogon ma ƙarya yake yi, bai ko sani ba. Ai Hamisu tarkacen bakin titi ya tsinto ya rufe bakin tsoho da shi, don kada a tambaye shi abin da ya hana shi zuwa."

Har kukan akuyar da ke ɗaure bayan rumbun ya fito tsaf. Na shiga latse-latsen wayata wai ko zan tsayar da maganar daga nan, ban ankara ba na kunna tocila, tana haska fuskar wan ango da rana tsaka. Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi.

Isuhu ya bari har maganar ta ƙare. Bai dube ni ba, agogon ya duba.

"Na san shina baya," ya ce. "Lokacin Abijan ne. Haka ya zo, ni na hana a gyara. In na duba, na san ko Hamisu ya buɗe shago, ko ya tashi salla."

Sannan ya warware hannun rigarsa ya rufe agogon, ya ce a kawo wa baƙi ruwa.

Ban iya cin tuwon bikin nan ba. Kafin la'asar Hamisu, wanda shi ma yana cikin gurup ɗin, ya aiko da bokal a gaban kowa, cikin ladabi, ya kira ni Baba, ya ce sun ji saƙo, Allah ya bar zumunci. Sani kuwa kira ya yi, ya ce ya rasa da wane ido zai dubi Hamisu, alhali ɗaki ɗaya suke kwana. Matata kuwa tabarauna kawai ta ɗauko ta ajiye mini a kan tabarma.

Washegari na tafi gidan Isuhu ba da haƙuri. Na shirya wa zagi, har ina fatan ya haɗa da kakannina, tunda nasa ne shi ma. Sai ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Ya tambaye ni iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gona, ya tambayi ciwon gwiwata. Ya ce ba komai, ya wuce. Ya kira ni da sunana na yanka, har da Malam a gaba. Ya rako ni ƙofar gida kamar baƙon da ya zo daga Madawa.

Damina ta zo ta wuce, haka muke. Agogon yana hannunsa, amma bai ƙara naɗe riga ba. In mun haɗu a kasuwar Buza ya miƙo mini hannu biyu. Rannan da gangan na yi naɗin rawani mafi muni da na taɓa yi, na je na zauna daidai gabansa a masallaci. Da aka sallame ya ce mini Allah ya karɓa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ba na taɓa waya sai da tabarau, kuma duk maganar da sai na zaga bayan rumbu zan iya faɗinta, na gane ba wasa ba ce. Sauran kuwa jira nake. Ban taɓa zaton zan kai wannan shekaru ina roƙon Allah ya sa wani ya ce mini bawa ba.