Ranar da Na Kori Gayyar Surukina

Wani malamin asibiti a Kankiya ya taɓa ce min kowace ƙwaƙwalwa tana da wurin da ke ankarar da mutum in zai tafka kuskure. To nawa wurin malalaci ne, sai an gama ɓarna yake farkawa.

Bara zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu, ga gyaɗata a Kunduru ta isa cira. Ranar da na miƙe na hau babur sai gona. Tun daga nesa na hango mutane sun duƙa suna cire min gyaɗa. Raina ya ɓaci. Na ga bokitin kunu a gindin kuka, har waƙa na ji ana yi, amma ban tambayi kaina wane ɓarawo ke zuwa sata da kunu ba. Na yar da babur, na ɗaga sanda.

"Ɓarayi! Marasa tsoron Allah! Kun ɗauka na mutu ne?"

Dattijon da na fi zagi ya ɗago, ya cire malfa. Surukina ne, Malam Ilu. Gayya ya haɗa min.

Sai a lokacin ƙwaƙwalwar banzan ta ce min, "Dakata."

"Sannu da jiki," in ji shi. "Mu ƙarasa satar ko mu tafi?"

Abin da ke ƙona min rai, har yau in matata za ta gidansu sai ta leƙo ta ce, "Maigida, zan je wurin shugaban ɓarayi. Akwai saƙo?"