Rasuwar Lasifikar Ɗakin Aikin Ɗana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka zama marayu, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Lasifika, wadda ta yi shekara huɗu a kan teburin ɗana kusa da kwamfuta. Ina wannan rubutu ɗan nawa yana tsaye a kaina yana cewa ni na kashe ta, matarsa kuma tana bakin ƙofa tana gyaɗa kai. To, masu karatu su yi mana alƙalanci.

Marigayiya baƙa ce, zagayayya kamar murfin ƙaramar tukunya, da kunne da baki duk a jiki ɗaya. Tun da aka ce ɗana ya riƙa yin aikin ofis daga gida kwana uku a mako, ita ke kawo masa muryar mutanensa. Ba ta da rowa. Abin da ta faɗa masa, ta faɗa wa bango, bangon kuma na ɗakina ne. Kullum ƙarfe goma za ta yi sallama da "Ana jina? Ana jina?", ni kuwa in ja kujera in ce a raina ana jin ka, ɗan nan, ci gaba.

A bakinta na san Manaja yana tsoron matarsa, domin ranar da ta ce masa ya sauke ƙafa daga kan kujera mutum ashirin suka ji. A bakinta na san mai tsaron sito yana barci a mitin har da minshari, da kuma dalilin da ya sa sakatariya ke dariya in direban ofis ya yi tari. Ban taɓa kai maganar ko'ina ba, in ban da wajen mai kitso da matar tela, su kuma amintattu ne.

Ciwo ya fara mata ne da maimaita magana. Manaja ya ce "mun gode", ita ta ce "gode, gode". Suka ce cuta ce. Ni ban ga cuta ba, ga mai shekaruna na biyun ne ke shiga.

Ajali ya zo ranar Alhamis. Ɗana ya taɓa gaya mini in jar wuta ta kama a jikinta, babu mai jin mu. Na shiga kai masa ruwa, na ga ja. Na leƙa allo na ga Manaja ya cika fuska da gemu baƙi wuluk, sai na ce wa ɗana, a hankali kuwa, wannan gemun makon jiya fari ne, kuma duk wanda ya rina shi hannunsa na rawa, ga shi har kunne ya samu rabo. Ashe jar wutar ta caji ce. Marigayiya ta isar da saƙo kamar yadda ta saba, har sau biyu. Maganarta ta ƙarshe ita ce muryar Manaja: "Wace ce wannan? Wannan?" Ɗana ya fizge wayar da ke jikinta. Shi ke nan.

Ta rasu ta bar kwamfuta, da wayar caji guda, da tsohuwar kyamara wadda ita ma aka sallame ta. Ta bar ni.

Surukata ta yi kwana biyu tana bincike a waya kafin ta zaɓo magada. Ta kawo wani abin toshe kunne mai soso, wai yana yanke hayaniya. Na tambaya wace hayaniya ce a gidan nan, sai suka kalle ni. Sabuwar kyamara kuma, in na wuce ta bayansa, sai ta mai da ni hayaƙi. Ni da na haife shi.

Ɗana ya karanta zuwa nan, ya ce girma ya faɗi, ya fita ya buga ƙofa har labule ya sauko. Madalla. Yanzu ga tsarin jana'iza.

Gawa tana ɗakina, cikin kwandon zare. Da na sa mata caji don sallamar ƙarshe, sai ta yi "tulun", shuɗiyar wuta ta kama. Mai gyaran waya na bakin titi ya ce doguwar suma ce, kuma har yanzu tana haɗuwa da kwamfutarta ta iska, ko babu wayar da ta haɗa su. Jiya ɗana ya yi rabin awa yana bubbuga sabon abin kunnensa wai ba ya jin komai. Ni kuwa na ji tas daga kwandon zare.

Za a yi zaman makoki ranar Litinin ƙarfe goma daidai, a ɗakina. Mai kitso ta zo da kujerarta. Mai tari ta zauna a gida, domin marigayiya tana ji. Wanda kuma yake son sanin abin da aka yanke a mitin ɗinsa, ya zo ya gaishe da uwarsa.